Murjanin Yaya Laminu da Kujerar Yamai

Ran sunan ɗan Mariyama na ji ku a zaure kuna hira, kun ɗauka barci nake yi. Ɗayanku ya ce da Baba ya karɓi kujerar da aka ba shi a Yamai, da yanzu muna da gida a can. Ɗaya kuma ya ce ai kifi ya tsaya kiwo. Kuka yi dariya. Ban ji haushi ba, don abin da kuka tashi kuna ji ke nan, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ba kifi ba ne, murjani ne, kuma ba shi kaɗai ya tsayar da ni ba. Tun da har yanzu hannu na riƙe alƙalami, ido kuma bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku shekarar nan yadda ta zo mini, don kada ku ci gaba da ɗaukar ta a bakin mutanen da ba su nan.

Manyanku sun san Baba Laminu, ƙananan sai dai hotonsa. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni sosai, har ni da ɗansa na fari kusan sa'o'i muke. Tun yana saurayi ya bar Tsibiri ya bi manyan motoci zuwa Kwatano, ya zauna bakin tashar jiragen ruwa yana fitar wa alhazan Maraɗi kaya, har shi ma ya yi motocinsa. Shi ya riƙe ni a lakwal, wato makarantar boko, bayan rasuwar mahaifinmu. Na gama na zama mushe, wato malamin makaranta, ina koyar da kimiyya a lise, babbar sakandare a Maraɗi, ina zaune a gidanmu na Tsibiri da innarku Hadiza, kullum in hau ɗan babur ɗina in shiga gari in komo. Da ya gaji da zaman bakin teku ya dawo ya gina gida a Sabon Gari, ya zo da wani abin da ya zama abin kallo a unguwar: wani akwatin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwan gishiri, da kifaye masu launi da rassan murjani. Wajen wani Bature da ke barin Kwatano ya saye shi. Ruwan ma daga teku ake kawo shi, cikin shuɗɗan tanoni, wato ganguna, a bayan motocinsa. Ni a lokacin kallon almubazzaranci nake yi wa abin, kuma ban ɓoye ba.

Sai siyasa ta shigo. Ku da kuka tashi kuka tarar da jam'iyyu ba za ku gane yadda abin ya hau mana kai ba. Mun daɗe ba mu da bakin magana, rana ɗaya aka ce kowa ya faɗi abin da ke ransa, sai muka faɗa har da wanda bai kamata ba. Yaya yana jam'iyya ɗaya, ni ina ɗaya. A wajen wani ɗaurin aure, gaban mutane, ya ce mu 'yan boko ba mu taɓa ciyar da ko akuya ba amma muna son a ba mu ƙasa. Ni kuma na mayar masa da wadda ta fi ta zafi a kan 'yan kasuwa. Daga ranar gaisuwa kaɗai ta rage tsakaninmu, ita ma a tsaitsaye. Ɓangarenmu ya ci zaɓe. Ba a jima ba ciwon shanyewar jiki ya kada shi, gefen dama ya mutu, baki ya karkace. Na je asibiti na duba shi, ya juya fuska bango. Na koma sau biyu, haka. Sai na daina zuwa.

Cikin bazarar shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, wata ranar da zafi ya hana kowa motsi, sai ga matarsa Hajiya Rabi a Tsibiri. Ba ta taɓa zuwa ba sai da dalilin biki ko rasuwa. Ta sha ruwa, ta gaisa da innarku, sannan ta dube ni.

“Mushe, ba zan ɓoye maka ba, ba ziyara ta kawo ni ba. Duwatsun yayanka ne ba su da lahiya.”

Na ce, “Hajiya, dutse na ciwo?”

“Nashi na yi. Kuma tun da suka hwara hwari ya rage cin abinci. Ni ban san kimiyya ba, kai ka sani. In ba ka zuwa dominshi, zo domina.”

Washegari na je. An ajiye shi a falo kan doguwar kujera, fuskarsa na kallon akwatin, na'urar sanyaya ɗaki na ta gurnani. Ya rame har na kusa kasa gane shi. Na yi sallama, ya amsa da wata murya mai nauyi, kamar harshen ya cika masa baki.

“Ka zo.”

“Na zo, Yaya.”

Ya ɗaga hannun hagu ya nuna. “Duba.”

Iyakar sulhun da muka yi ke nan, kuma ba mu taɓa komawa kan waccan magana ba har ya bar duniya. Na duƙa na duba. Ni a sanina murjani abin wuyan mata ne. A nan na gan shi tsaye cikin ruwa da rassa kamar ƙahon barewa, wani ruwan ƙasa, wani kore, wani ja-ja, kuma in ka ƙura ido sai ka ga wasu ƙananan bakuna a jikinsa suna buɗewa suna rufewa. Rai gare shi. Amma daga gindi nama ya fara janyewa, farin ƙashi ya bayyana, kan rassan kuma ya yi laushi, kifi na gogarsa yana karyewa. Daga baya Hajiya Rabi ta gaya mini abin da ya sa ya manne wa akwatin haka. Masu zuwa dubiya in sun shigo idonsu kan bakinsa yake sauka, su yi ta girgiza kai suna sannu. Da aka mayar da shi falo, sai ido ya koma kan kifaye, a yi ta tambayarsa wannan mene ne, wancan me yake ci. A gaban akwatin nan shi mai gida ne mai nuna abinsa, ba majinyaci ba.

Ban san komai a kan murjani ba. Abin da ya cece ni wani littafin Faransanci ne da Baturen ya haɗa masa da shi, wanda ba wanda ya taɓa buɗewa. Makarantu na rufe saboda yajin aiki, don haka lokaci ba abin da na rasa ba ne. Na zauna na karance shi, na gane matsalar ba mai wuyar fahimta ba ce. Murjani da wani irin alli da ke narke cikin ruwan teku yake gina ƙashinsa, shi ne muke kira kalsiyom a aji. In ya tsotse na cikin akwatin ba a ƙara masa ba, sai ya tsaya, sannan ya fara lalacewa. Da na yi wa Hajiya Rabi bayani sai ta ce, ashe kamar kazar da ke yin ƙwai mai taushin ɓawo. Na ce haka ne daidai. Da, motoci na kawo sabon ruwa a kai a kai, shi ke ɓoye matsalar. Yanzu kasuwa ta tsaya, motocin na ajiye a gareji, sai a daɗe ba a ga tano ko ɗaya ba.

Hanya ta farko da littafin ya nuna mai sauƙi ce: a jiƙa lasho, irin farin garin nan da ake shafe bango da shi amma mai tsabta, a tace ruwan, a riƙa ɗiga shi a hankali. Na samo tiyon ƙarin ruwa na asibiti na rataya kwalba a ƙusa, aka fara. Amma wannan na tsayar da ciwo ne kawai, kuma yana son mutum a kansa kullum, don in ya zuba da yawa lokaci ɗaya ƙona su yake yi. Maganin gaske wata na'ura ce da ta fara yaɗuwa a Turai a shekarun nan, suna ce mata reyakter. Tulu ne rufaffe da ake cika shi da fasassun ɓawon kifin teku da mataccen murjani, ɗan famfo na juya ruwa a ciki, ana sakar masa gaz ɗin nan da ake cusa wa lemon kwalba daga butali, wato kwalbar ƙarfe. Gaz ya sa ruwan ya yi tsami, tsamin ya narkar da ɓawon, ruwan ya riƙa ɗiga cikin akwati ɗauke da allin. Mutanen gida suka raɗa mata suna tukunyar alli, sunan da ya bi ta ke nan.

Wakilin Yaya na Kwatano ya aiko mana da wani littafin talla mai hotunan irin waɗannan tukwane. A kansa muka yi gardamar da ta fi kowace daɗi a rayuwata. Na ɗora masa littafin a cinya ina buɗewa, muka zo kan wata babba mai tulu biyu, da wani akwati mai lambobi da ke auna tsamin ruwa ya daidaita gaz da kansa. Ya danna yatsa a kai.

“Wagga.”

“Yaya, wagga ta ƙasar da ba a ɗauke wuta ce.”

“Akwai gurup.” Yana nufin injin wutar da ke bayan gida.

“In akwatin lambobin nan ya lalace, wa za ya gyara shi a Maraɗi? Sandar da ke auna tsamin ma sai an riƙa canza ta, daga Turai.”

Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuya ta tashi, sannan maganar ta fito. “Kai... kullum ƙaramin abu.”

Hajiya Rabi na bakin ƙofa da faranti a hannu. Ta ce, “Ni dai ku hwaɗa mini, butalin gaz ɗin nan ba ya hwashewa? Don in za ya hwashe, ku kai shi Tsibiri ku yi gwajinku can.”

Yaya ya yi dariya. Rabin fuskarsa ce ta yi, har miyau ya zubo, amma dariya ce. Hajiya Rabi ta ajiye farantin ta fita da sauri, na ji tana share hanci a tsakar gida.

Ni ra'ayina a ƙera ta a nan. Akwai wani Sani a Jiratawa, mai gyaran famfunan noman rani, wanda muka yi ƙuruciya tare. Na kai masa zanen da ke cikin littafin, ya juya shi sama da ƙasa ya ce ai wannan tiyo ne da murfi biyu, me ya kai mutum Turai. Cikin kwanaki ya haɗa ta da katon tiyon roba mai ruwan toka da wani ƙaramin famfo. Butalin gaz muka samo ta hannun wani mai aiki a kamfanin lemo, ɓawon kuma direba ya kawo buhu guda daga bakin teku. Abu ɗaya Sani ya ce ba zai iya ba, wato wani makulli da ke cikin zanen, wanda ke rufe gaz da kansa in wuta ta ɗauke. Ya ce mu sa robine irin na famfo, mutum ya rufe da hannu. Na kusa yarda, don ina son in koma wa Yaya da abu gamamme. Allah ya sa muka ce mu gwada tukuna. Muka cika rabin tano da ruwan gulbi, Sani ya kamo ƙananan karfasa ya zuba, muka kunna, muka zauna muna kallon kumfa na tashi ɗaya bayan ɗaya. Da aka kira azahar muka tafi masallaci, daga nan wani ya ja mu cin abinci. Kafin mu dawo wuta ta ɗauke. Famfo ya tsaya, gaz bai tsaya ba, ya yi ta turo ruwan tsami cikin tano. Duk kifayen sun juyo ciki sama.

Sani ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, “Mushe, da na Alhaji ne wa'annan, da sai mu bar ƙasar.”

Na koma na ba Yaya labari ban rage komai ba. Ya saurara, sannan muka shirya a tsakiya. Tukunya ɗaya, ƙirar Sani, wadda za a iya kwancewa a gyara a nan. Makullin da ke rufe kansa da agogon rage ƙarfin gaz kuwa, a sayo na ƙwarai daga Turai, ba a taɓa akwatin ba sai sun zo. Ya yarda da barin akwatin lambobi, na ce ni zan riƙa aunawa da hannu. Amma ya kafe a kan abu ɗaya: ba ya son tiyo mai ruwan toka, sai wanda ake ganin ciki. Na ce ƙawa ce kawai. Ya ce shi ba ya ajiye abin da ba ya ganin cikinsa a ɗakinsa. Aka ƙara da farin tiyo mai kama da gilashi cikin saƙon. Daga baya na gane shi ke da gaskiya, don in gaz ya yi yawa ɓawon dagargajewa yake yi ya zama taɓo, kuma daga kujerarsa shi ke fara hangowa ya buga sanda a kira ni.

Saƙon ya daɗe bai zo ba. Lokacin komai a tsaye yake, kaya na kwana watanni a tasha. Ni kuwa kullum da safe sai na zo na haɗa ruwan lasho na daidaita ɗigon. Da farko ina gamawa nake tafiya. Sannu a hankali na fara tsayawa shan shayi, sai aski, sai murza masa mataccen hannun kamar yadda likita ya nuna, sai tallabe shi zuwa bayan gida, abin da ya ƙi yarda 'ya'yansa su yi masa. Ya ba ni labarin Kwatano da ban taɓa ji ba, da kwanan da ya yi a ƙarƙashin mota, da yadda ya ji ranar da aka ce masa na ci jarrabawa. Kalma ɗaya kan ɗauke shi lokaci, amma na koyi jira, har na zama ni nake fassara shi ga baƙi.

Ana cikin haka, farkon damina, sai ga Abdu, abokina na jam'iyya, ya zo Tsibiri da motar gwamnati. Ya ce an tuna da ni. Kujerar darakta ce a ma'aikatar ilimi a Yamai, da gida da mota, kuma ana son amsa kafin mako ya ƙare. Innarku na bayan ƙofa tana ji. Ku sani, a lokacin mun yi watanni ba albashi. Ta sayar da tasoshinta na aure ɗaya bayan ɗaya, ta koma suyar ƙosai a ƙofar gida, matar mushe guda. Ku kuma kuna zaune, shekara na ƙonewa ba karatu. Da Abdu ya tafi ta shigo tana murmushin da na daɗe ban gani ba, har ta fara lissafin abin da za a ɗauka da wanda za a bari. Na ce mata ina son in yi tunani. Murmushin ya tafi.

“Tunanin mi, Malam?”

“Yaya.”

“Yaya na da mata, yana da ɗiya, yana da dukiya. Mu mi muke da shi? Mariyama ta kai shiga kwalej tana zamne tana tsintar wake. Kai ka yi ta yawo ƙauyuka kana wahala ma jam'iyyar nan, ranar da za a saka maka sai ka ce kana tunani?”

Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Na yi kwanaki ina juya maganar. Ba murjanin nake gani ba in na rufe ido, shi nake gani, yadda yake waigen ƙofa in ya ji ƙarar babur ɗina. Likita ya riga ya gaya mini a gefe cewa irin wannan ciwon yakan dawo. Na san kujera in ta wuce ta wuce. Na kuma san wa guda gare ni, kuma mun riga mun zubar da shekara biyu a ƙasa. Ranar da zan ba da amsa na je gidan waya na kira Abdu na ce a ba wani.

Labarin ya riga ni isa Sabon Gari, don innarku ta aika wa Hajiya Rabi cikin fushi. Ina shiga Yaya ya jefo ni da kofin shayi da hannun hagu, ya faɗi a gaban ƙafata.

“Tahi! Wa ya ce... ka zamna?”

Na duƙa ina tsince kofin. Na ce, “Makullin bai zo ba, Yaya. Wa za ya ɗiga musu lasho?”

“Ƙarya.”

“To, ƙarya ce.”

Ya juya fuska ga akwatin, ƙirjinsa na hawa da sauka. Na ga hawaye na bin gefen da ya mutu, inda ba ya jin sa balle ya share. Na ɗauko tsumma na share masa, bai hana ni ba. Can ya ce ruwan kwalbar ya kusa ƙarewa. Na tashi na haɗa wani.

Kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. 'Yan jam'iyyarmu suka ce Alhaji ya saye ni, wasu suka ce gado nake jira. Abdu ya yi shekaru in mun haɗu sai dai ya ɗaga mini hannu daga nesa. Mariyama ta yi asarar shekarar da ba ta taɓa mayarwa ba, kuma na san har yau tana jin ta, ko da ba ta faɗa. Innarku ba ta yi yaji ba, ba ta ɗaga murya ba, amma ta yi watanni tana ajiye mini abinci ba ta zama. Ta kuma yi rantsuwa ba za ta taka falon nan ba. Masu cewa na yi hangen nesa, wai don sojoji sun dawo ba da daɗewa ba sun watse kujerun, suna ba ni abin da ba nawa ba. Ban hango komai ba. Abdu ma bai faɗi ƙasa ba, ya yi gidansa a Yamai, Allah ya ƙara masa.

Saƙon ya iso bayan an cire gero. Sani ya zo daga Jiratawa da kayan aikinsa, muka haɗa tukunyar a gefen akwatin, Yaya na ba da umarni da sanda. Kafin mu saki ɗigo ko ɗaya cikin ruwansa na zare wayar wuta a gabansa, muka ji makullin ya yi ƙas, kumfa ta tsaya cak. Na mayar, ta ci gaba. Ya sa na maimaita har ya gamsu. Muka fara da kumfa kaɗan ƙwarai, ina ƙarawa a hankali ina aunawa. Makonni suka wuce ba abin da ya canza, har na fara shakkar kaina. Wata safiya na tarar da shi ya matso gaban kujera, ya kusa faɗowa. Ya nuna kan wani reshe. Fari ne, na ɗauka ciwon ne ya hau sama. Da na duba da kyau sai na ga ba irin farin gindi ba ne, sabon tsiro ne, ɗan tsini kamar haƙorin jariri. Muka ƙirga su tare har muka rikice.

Ya ƙara shekara biyu da 'yan watanni a duniya, kuma kusan kowace safiya a cikinsu ina tare da shi. Ciwon ya dawo kamar yadda likita ya ce, bai ɗauki kwana uku ba, kansa na kan hannuna. Hajiya Rabi ta riƙe akwatin bayansa, ina zuwa ina dubawa, har wata bazara da wuta ta yi kwanaki ba ta, injin ma ya lalace, zafi ya kashe komai. Ban ji ciwon da na zaci zan ji ba. Na gode wa Allah da ya sa Hajiya Rabi ta tako zuwa Tsibiri, na gode wa Sani, Allah ya jiƙansa, na gode wa Yaya da bai taɓa sa ni neman gafara da baki ba. Amma wadda ta biya kuɗin shekarar nan da jikinta innarku ce, kuma ranar da nake son ku riƙe tata ce.

Ran ƙaramar salla ce, bayan tsiron ya fito. Mun je gaisuwa Sabon Gari gaba ɗayanmu, ta wuce cikin gida wajen mata kamar yadda ta saba. Yaya ya ce a kira masa ita. Ta zo ta durƙusa a bakin ƙofar falo, ƙafarta a waje.

“Shigo, Hadiza.”

Babba ya kira, ba yadda za ta yi. Ta shigo ta zauna a ƙasa, ta gaishe shi, idonta na kan tabarma. Sannu a hankali idon nata ya ɗago, ya sauka kan akwatin, ya daɗe a can. Yaya ya tattara ƙarfinsa, na ga yana shirya kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Na matso in fassara, ya ɗaga mini hannu in tsaya.

“Na ci miki... Yamai. Ki yahe mini.”

Na san irin son da ta yi wa tafiyar nan, na san har akwatin tufafinta ta gyara. Ta gyara lulluɓinta, ta ɗan yi gyaran murya.

“Haba Yaya. Wa ya ce maka ina son Yamai? An ce sauro gare ta.”

Ya yi dariyar nan tasa ta rabin fuska. Ita kuwa ta matsa kusa da gilashin a kan gwiwoyinta, ta nuna reshen da ya fi kowane tsiro.

“Wanga ne ya warke?”

Ya ce, “Shi ne.”

“To, madalla,” in ji ta. “Allah shi ba mai shi lahiya.”

Da muka koma Tsibiri da yamma ta kawo mini tuwo, ta ajiye, sannan ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta sa hannu muka ci tare.